Mesar Fumika da Sandata

Litinin, 3 ga Yuli

Yau an shigo da maciji gidana. Da hannu aka ɗauko shi aka tsallake dokin ƙofa da shi, ina zaune ina kallo.

Shekarata saba'in da huɗu a tsibirin nan na Amami, ban taɓa ganin maciji ya shiga gida ya fita da rai ba. Norio ne ya kawo shi, mijin 'yata Chizuru. Ya je Kagoshima ya dawo da akwatin gilashi irin na kifi, da wayoyi, da buhun ɓawon itace, da wani ƙaramin kwali mai huji-huji. Ya buɗe kwalin a kan tabarmar tsakar ɗaki yana murmushin nan nasa na mutanen Osaka. Wai mesa ce ƙarama, ba ta da dafi, ba ta faɗa. Na ce masa maciji maciji ne. Ya ce, "Baba, ku ɗan taɓa ta ku ji." Na ɗaga masa hannuna na hagu mai yatsu uku. Ya rufe bakinsa.

Mesar ta jikata ce, Fumika. Shekararta goma sha ɗaya. Tun da 'yan ajinsu a Osaka suka sa ta gaba ta daina zuwa makaranta, ta daina magana sai da ka. Shi ya sa suka tattaro suka dawo wurina. Chizuru ta ce a wani shagon dabbobi aka ɗora wa Fumika irin wannan a hannu, sai ga yarinya tana dariya. "Dariya fa, Baba. Ka san rabon da in ji?" Ban sani ba. Ni tun zuwansu ban ji kalar muryarta ba.

Fumika ta rubuta sunan abin a jikin gilashi: Kinako. Wai launinta irin na garin waken soya ne.

Na shigo da sandata daga waje, na ajiye ta gefen shimfiɗata.

Alhamis, 6 ga Yuli

Na buɗe firiza in ɗauko kifi, na tarar da ɓeraye farare a jere cikin leda, sun ƙanƙare, a kan kifin nawa. Na yi jifa da ledar tsakar gida. Chizuru ta fito da ludayi a hannu tana cewa masu tsabta ne, sun fi kifina tsabta ma. Na ce in haka ne ta zuba su a miya mu gani.

An koma da su firiza, a cikin gwangwanin biskit ɗin marigayiya uwarta. Da matar tawa Sumie tana raye da an ga abu.

Lahadi, 9 ga Yuli

Na yanko wa Fumika sanda daidai tsayinta, na kankare ta, na ɗauke ta muka tafi gonar rake da sassafe. A hanya na nuna mata sandunan da ake jinginewa a bakin titi, nan ɗaya can ɗaya. Na ce mata ba don ado aka ajiye su ba, na habu ne, kububuwar tsibirin nan. Duk wanda ya tashi a nan ya san doka: ka buga tukuna, sannan ka duba abin da ka buga. Ba a sa hannu a rami, ba a sa hannu a katanga, ba a tsoma ƙafa a ciyawa sai sanda ta riga ka shiga.

Kamar an aiko ta, muna shiga gona sai ga ɗaya a gindin rake ta naɗe tana shan ɗumi. Ban tsaya ba. Na sauke mata a tsakiyar baya, ƙashin ya ce ƙas, ta juyo ta sari sandar har dafi ya gangaro. Na ƙara mata a wuya, na taka kan da takalmin roba, na fille shi da lauje. Jikin ya yi ta birgima a ƙasa yana dukan ƙafata, kan kuma yana can gefe yana buɗe baki yana rufewa. Na ce, "Kin gani? Ko an sare kan yana cizo. Zo ki duba faɗinsa."

Na waiwaya, yarinya ta yar da sandar, tana tsugune tana shafa jelar da ke motsi, hawaye shaɓe-shaɓe. Shafawa! Na daka mata tsawa ta tashi, ta miƙe ta kama hanyar gida ita kaɗai, ta cikin ciyawa, da silifas.

Abin da ke ci min rai ke nan. Ba ƙyamar abin cikin gilashi ba ne kawai. Suna cire wa yarinya tsoro ne, a garin da tsoro ne yake raya mutum. Na faɗa wa Norio, ya ce ai Fumi tana da wayo, ta san bambanci. Ni ma ina da wayo ranar da na zura hannu ƙarƙashin damin rake ina ɗan shekara goma sha tara.

Na koma na ɗauko sandarta, na jingine a bakin ƙofa.

Asabar, 15 ga Yuli

Mesar ba ta ci komai ba tun zuwanta. Ba ruwana.

Juma'a, 21 ga Yuli

Har yau ba ta ci ba, gidan kuma kamar ana jinya. Na zauna na kalli yadda suke yi. A ciro ɓera daga gwangwani, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya saki, a tsane shi da tawul, a kama jelarsa da dogon tsinken cin abinci a riƙa karkaɗa mata a gaban hanci. Ita kuwa gimbiya sai ta cusa kanta cikin jikinta ta dunƙule. Norio yana riƙe da waya yana karanto abin da masana suka ce: a rage haske, a ƙara ɗumi, a ba ta lokaci. Chizuru na cewa ko ɓeran ne ya yi girma. Su uku a durƙushe gaban gilashi kamar masu roƙon arziki.

Fumika ma ta fara barin shinkafarta. Yau Chizuru ta yi romon kaza a kan shinkafa, abin da yarinyar ta fi so, cokali biyu ta yi ta ture kwanon. Wuyanta ya fara fitowa.

Da yamma na je wurin Genzo, abokina tun muna makaranta, muka sha giyar rake a barandarsa. Ya ce, "Kanemitsu, an ce ka yi sabuwar jika mai tsawo. Yaushe za a kai ta makaranta?" Na ce ranar da za a kai ka kabari. Ya yi ta dariya har da tari. Da ya nutsu ya ce shi dai bai taɓa ganin macijin da ya ƙi ɓera mai gudu ba, gawa ce ba ta so. Na yi ta juya maganar a hanya.

Asabar, 29 ga Yuli

Garin neman gira.

Na ɗana tarkon waya a rumfar rake, na kama ɓeran gona ƙato, baƙi, mai ƙarfi. Yau sun tafi kasuwa a birnin Naze su uku. Na ce bari in gama musu wannan wasan yaran, su dawo su tarar ta ƙoshi, yarinya ta ci abinci. Na zare sakatar murfin akwatin na juye ɓeran ciki, na fita ba akuya ciyawa.

Kububuwa ba ta barin ɓera ya yi taku uku. Na ɗauka duk ɗaya ne.

Da na dawo gilashin duk jini. Mesar ta dunƙule kamar ƙwallo, ɓeran yana kan bayanta yana gwaguyarta kamar ya samu rogo. Ya ɓare fatar, naman ya fito fari da ja, tsawon yatsa. Ko motsi ba ta yi ba, ko sara ɗaya ba ta kai masa ba. Na zura hannu na damƙe shi, ya nutsa haƙora a babban yatsana har ƙashi, na matse shi sai da na ji haƙarƙarinsa sun karairaye, na maka shi da bango. Ya zame ya bar jan layi a kan farin bangon.

A haka suka shigo suka same ni. Jini a hannu, jini a bango, murfi a buɗe.

Fumika ta saki ledar da ke hannunta, ƙwai suka fashe. Ta leƙa gilashin, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Na tsane ka."

Muryar tata siririya ce, irin ta kakarta sak. Kalmar farko da ta taɓa yi min ke nan a gidan nan.

Lahadi, 30 ga Yuli

Sun kai ta wurin likitan dabbobi, an wanke ciwon an ba su man shafawa. An ce za ta rayu amma tabon ba zai ɓace ba.

Da suka dawo Norio ya zaunar da ni a gidana, ya ce daga yau kada in sake taɓa akwatin. Na ce taimako na yi niyya. Ya ce, "Taimako? Da gangan kuka yi, Baba. Tun ranar farko kuke neman hanyar kashe ta." Jinina ya hau. Na buga tebur har kofuna suka kife, na ce da ina son kashe ta ba na aiken ɓera, sanda gare ni. Na ce su riƙe abarsu da kyau, ranar da ta fito daga gilashin nan rabonta sanda ce, na rantse da kabarin Sumie.

Ashe Fumika tana tsaye bayan ƙofar takarda. Na ga inuwarta ta juya.

Baki shi ke yanka wuya.

Laraba, 2 ga Agusta

Ba mai yi min magana sai Chizuru, ita ma "ga abinci" ne kawai. Yatsana ya kumbura. Rediyo ya ce babbar guguwa tana tahowa daga kudu. Na ɗaure rufin rumfar akuya, na buga katako a tagogi. Norio ya riƙe min tsani, bai ɗaga kai ba.

Litinin, 7 ga Agusta

Guguwa ta kwana biyu tana dukanmu, sai yau ta lafa. Ba wuta. Jiya da rana iska ta yaye kwano ɗaya a saman ɗakin Fumika, ruwa ya riƙa zuba kamar da bokiti. Norio ya rungumo akwatin gilashin da gudu ya kawo tsakar ɗaki, santsi ya kwashe shi ya buga shi da ginshiƙi. Bai fashe ba, amma ashe murfin ya goce. Muna can muna fama da ruwa da tawul da robobi, ba wanda ya duba.

Yau da safe akwati wayam.

Ido shida suka juyo kaina. Na ce ban taɓa ba. Norio ya ce bai ce na taɓa ba. Fumika ta je ta ɗaga sandata tana duba bakinta ko da jini.

Mun birkice gidan, bayan firji, cikin kabad, ƙarƙashin shimfiɗu. Babu. Na ce kada kowa ya fita nema a waje sai da ni, bayan ruwa irin wannan duk kububuwar daji tana cikin katangun mutane. Ban ga alamar an ji ni ba.

Talata, 8 ga Agusta

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun ban fara shakkar kaina ba.

Da hantsi ina bayan gida ina janye rassan da iska ta karya, sanda a hannu. Sai na ji an ce "Kinako!" da ƙarfi, da murna. Na juya. Fumika tana durƙushe gaban katangar duwatsun teku da mahaifina ya gina, ta hango jiki a naɗe cikin wani rami, ruwan ƙasa da ɗorawa, ta miƙa hannun dama.

Ita jiki ta gani. Ni wuya na gani, siriri, ya lanƙwashe ya ja baya, da kai mai faɗi a samansa.

Tsakanina da ita tsawon sanda ne da taku ɗaya. Abin yana cikin rami, sanda ba za ta same shi ba. Da na yi ihu, da ta ƙara tura hannu don ta ɓoye min abarta, na san haka. Hannun ne kaɗai a fili. Shi na buga.

Da dukkan ƙarfina na buga, don ban iya wani bugun ba. Na ji ƙarar ƙashi. Kan ya fito ya sari iska daidai inda yatsunta suke, ya goga jikin sandar, ya koma ciki. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Yarinya ta faɗi tana ihu, yatsu biyu sun juya ta inda yatsu ba sa juyawa.

Norio ya kewayo da gudu. Abin da ya gani shi ne tsoho da sanda a sama, da 'yarsa a ƙasa. Ban ga zuwan naushin ba. Na ji kaina ya bugu da katanga, bakina ya cika da jini, haƙori ɗaya a kan harshena. Ya hau kaina ya shaƙe ni yana cewa, "Yarinya? Yarinya za ka daka?" Ya manta da "ku" ɗin nasa. Chizuru ce ta ɓanɓare shi tana dukan bayansa. Ina ta cewa kububuwa ce, kububuwa ce, jini yana hana maganar fita.

Fumika tana kuka tana cewa, "Kinako ce! Na gan ta! Ya hana ni ɗaukar ta don ya kashe ta!"

Sun sa ta a mota suka tafi. Na zauna a gindin katangar har rana ta juya, sandar a cinyata. Akwai ɗigon dafi a jikinta, ya bushe kafin in tuna in nuna wa wani.

Laraba, 9 ga Agusta

Chizuru ta kira daga asibiti. Yatsu biyu da ƙashin bayan hannu sun karye. An ɗaure, amma ɗaya sai an sa ƙarfe, likitan ya ce gara a yi a babban asibiti. Za su koma Osaka ranar Lahadi a jirgin ruwan yamma, har lokacin suna masauki a Naze. Na ce sai yaushe za su dawo. Ta ce, "Baba, ina so in yarda da kai. Amma kai ka rantse, kowa ya ji."

Nawa yatsun biyu ruɓewa suka yi aka yanke. Nata za su haɗe. Na faɗa wa kaina wannan yau ya fi a ƙirga, bai sa na iya cin abinci ba.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na rushe katangar mahaifina. Da dogon ƙarfe, dutse bayan dutse, tun fitowar rana. Genzo ya zo ya tsaya yana cewa na haukace, katangar da ta fi mu shekaru. Na ce ya riƙe sanda ko ya tafi gida. Ya riƙe.

Kububuwar tana can ƙasa kusa da tushe, mace, kaurinta ya kai damtsena. Da hasken rana ya same ta ta yo kaina kai tsaye. Na tare ta a iska, ta faɗi, na bi ta da duka. Ban san sau nawa ba. Genzo ne ya riƙe min hannu ya ce, "Ya isa, ta mutu tun ɗazu, ƙasa kake duka."

Na sa ta a buhu na tuƙa har Naze. Norio ya sauko ya same ni a wurin ajiye motoci. Na zazzage masa ita a gabansa. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi magana da ladabin nan mai sanyi da ake yi wa baƙo. "Baba, ku da kuke kashe irin wannan kowane mako. Ta ina zan san daga inda ta fito?" Na ce daga katanga, na rushe ta gaba ɗaya, ya je ya gani. Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Kun rushe? Da Kinako a ciki?"

Ya hau ya faɗa wa yarinya. Yanzu ta san na danne abarta da duwatsu.

Na dawo da buhuna. Gawa ba ta ba da shaida, ashe. Abin da zai wanke ni ɗaya ne, mesar nan, kuma sai tana numfashi.

Asabar, 12 ga Agusta

Kwana biyu ina rarrafe a gidana kamar jariri. Na ɗaga tabarmi, na leƙa ƙarƙashin daɓe, na kwance bayan injin wanki. Na jiƙa ɓera a ruwan ɗumi na ajiye a kusurwa, ni Kanemitsu, tururuwa suka cinye. Duk rayuwata na san inda maciji yake ɓuya in yana jiran abin sara. Ban san inda yake ɓuya in tsoro yake ji ba.

Wata zuciyar tana cewa wataƙila da gaske tana cikin katangar, su biyu ne, na kuma murƙushe ta ban gani ba. Na koma na juya duwatsun ɗaya-ɗaya. Babu.

Gobe jirgi.

Lahadi, 13 ga Agusta

Da safe na je kunna wa Sumie turare a gaban hotonta, na tarar kwalin ya ƙare. Na jawo aljihun ƙasa na teburin da hoton yake kai, inda take ajiye sababbi, wanda na yi wata da watanni ban buɗe ba.

Ban san lokacin da na yi tsalle baya ba, ban san lokacin da sanda ta zo hannuna ba. Na dai ga kaina a tsaye, hannu a sama, kafaɗa ta riga ta ɗauki nauyin bugun. Jiki ruwan ƙasa da ɗorawa a kan kwalayen turare.

Duk macijin da na taɓa ɗaga wa sanda, kai yake ɗago min. Wannan cusa nata ta yi cikin jikinta ta dunƙule, ta bar min bayanta a fili, da tabon ɓeran nan ya yi ɓawo. Haka Fumika take zama a kusurwa farkon zuwansu.

Hannun ya ƙi saukowa, ya kuma ƙi bugawa. Na daɗe a haka har kafaɗata ta fara ciwo. Sai da na buɗe yatsuna da gangan, ɗaya bayan ɗaya, sandar ta faɗi a kan tabarma.

Da hannun hagu na ɗauke ta, ban san dalili ba. Tsikar jikina duk ta tashi. Tana da nauyi, ba ta da santsi yadda na zata. Can ta zaro kai ta taɓa wurin yatsun da babu da harshenta. Na zage ta, na zagi uwarta, na sa ta a rigar matashi na cusa cikin rigata don kada sanyin mota ya kama ta.

Na same su a tashar jirgin ruwa suna layi. Hannun Fumika a naɗe fari har gwiwar hannu, an rataye a wuya. Da ta hango ni ta koma bayan uwarta. Norio ya tako gabana ya tare. Leɓena har yanzu a kumbure. Na ciro rigar matashin na kwance.

Ta fito daga bayan uwarta a hankali. Ta duba tabon. Ta sa fuskarta a jikin abin ta yi ta kuka, mutane suna ja da baya suna salati irin nasu. Ta ce, "A ina?" Na ce a aljihun teburin kakarki, tana kan turare, ko ƙura babu a jikinta.

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "To wacce ce a katanga?"

Na nuna mata hannuna na hagu. Ta dube shi, ta dubi nata. Chizuru ta toshe bakinta ta tsuguna a wurin. Norio ya yi fari fat. Ya sunkuya a gabana yana neman gafara, ya daɗe bai ɗago ba har na ce ya tashi, mutane na kallo, kuma naushinsa ma na mata ne.

Sun tafi duk da haka, ƙarfen hannun ba zai jira ba. Da aka fara shiga, Fumika ta miƙo min rigar matashin da hannu ɗaya. Ta ce, "Kaka, ka riƙe min. Ban da ɓera mai rai." Na ce na ji. Ta ce, "Ka rantse." Na ce na gaji da rantsuwa, ta wuce kada jirgi ya bar ta.

Litinin, 14 ga Agusta

Gidan shiru. Na gyara murfin, na ƙara masa sakata ta biyu. Ƙofar ɗakin Fumika na bar ta a buɗe don iska.

Asabar, 26 ga Agusta

An sa ƙarfen, an ce yatsun za su lanƙwasa. Jiya ita da kanta ta kira, ba uwarta ba. Surutu kamar an kunna rediyo, ni da na yi wata huɗu ina jiran kalma ɗaya. Ta tambayi tabon, na ce ya bushe, ta yi saɓa har na ajiye mata fatar. Can ta ce, "Kaka, yaya ake gane kan waccan?" Na ce ba a koya a waya, ta zo in nuna mata. Ta ce sandarta tana nan? Na ce ina za ta je.

Ba ta ce yaushe ba. Ban tambaya ba.

Yau da yamma abar ta ci. Ruwan nasu ne bai cika ɗumi ba, kuma sun cika tsayawa a kanta su uku. Na rufe labule, na zauna gefe ina karkaɗa tsinken ina kallon wani wuri, sai ji na yi an fizge. Genzo ya shigo ya same ni a durƙushe, ya ce, "Lallai, jika ta samu mai reno." Na ce ajiya ce, mutum ba ya barin ajiya ta mutu a hannunsa. Ya ce to me ya sa nake magana ƙasa-ƙasa. Na kore shi.

Na fara mayar da duwatsun katangar, wannan karon da siminti a ramukan.

Sandata na fitar da ita waje, na jingine gefen ƙaramar. Ba wani abu ba ne, tana tare min hanya ne in na zo wucewa da ruwan ɗumi.